Shekarar da Goron Dutse Ya Ƙara Tsayi

Ku da kuke zama a dakalin bakin lungunmu na Madabo, na san abin da kuke faɗa idan na wuce da buhu yana ɗigar ruwa a bayan keke. Wai sana'ar Baba Sabo ai ba sana'a ba ce, ɗauko ƙanƙara ne a can a sauke a nan. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Duk kayan da ake dako a garin nan suna da haƙuri. Buhun masara idan ka gaji ka jingine shi a inuwa, ka sha ruwa, ka yi hira, yadda ka bar shi haka za ka tarar da shi. Ƙanƙara kuwa tun daga lokacin da aka miƙo maka ita take raguwa, ko kana tafe ko kana tsaye, ko da surukinka kake gaisawa.

Kayan farko da na taɓa ɗaurawa bulon ƙanƙara biyu ne, ubangidana Baba Haladu ya ce in kai wa wata mai lamurje a bayan Dala. Ina saurayi a lokacin, ƙarfi yana cina. Na sami igiya na ɗaure su tamau a kan kariya, na taka feda kamar an biyo ni. Da na isa sai na tarar igiyar ta ci ƙanƙarar ta nutse a ciki, ɗaurin ya saki, bulo ɗaya ya tsage gida biyu. Baba Haladu bai yi mini faɗa ba. Tsohon tif na keke ya miƙo mini da reza, ya ce in yanka shi tsaye-tsaye. Ranar na koyi cewa da roba ake ɗaure ƙanƙara, domin roba tana bin kaya idan sun ragu, igiya kuwa ba ruwanta. Daga baya na koyi sauran. A fara sa leda, a bi ta da busasshen ƙaiƙayin shinkafa, sannan a rufe da buhun algarara. Ana haɗa bulo fuska da fuska don su riƙe wa juna sanyi, kuma nauyi a ƙasa yake zama, gefe da gefen taya, ba a tula shi sama. Wanda ya tula sama, kwanar farko a lungu za ta koya masa hankali.

Baba Haladu ba ya tambayar yaro inda ya tsaya. Kusurwar bulo yake dubawa. Idan tana nan da kaifinta, ka zo kai tsaye. Idan ta yi sulɓi ta zama kamar sabulun da aka yi wanka da shi, ka tsaya kallon faɗa ko ka biya wajen mai shayi. Tsofaffin masu saye ma duk sun san wannan, shi ya sa ba a yi musu dogon bayani.

Kuna tambayata me ya sa ban koma babur ba. Na gwada na aro. Zafin salansa yana cin gefen kaya, girgiza tana fasa bulo, ga mai da ya zama abin da ya zama. Kuma akwai lungun da in ka shiga da babur ɗauke da kaya, sai dai ka fito da baya. Kekena baƙi ne irin na da, mai kauri, na sa maƙeri ya ƙara wa kariyar ƙarfe, na kuma sa an ninka wayoyin ƙafar baya. Kayan aikina ba su da yawa: famfo, kayan faci, ɗan gwangwanin giris, da tsinken ƙarfe na raba bulo. Abin da ya fi su duka muhimmanci shi ne wanda ban taɓa lissafawa a cikin kayan aiki ba, wato jikin mai tuƙin, sai da wata shekara ta tuna mini.

Hanyata ɗaya ce tun zamanin Baba Haladu. Bayan sallar asuba in fita wajen ganuwa in yi lodi a gidan ƙanƙara, in shigo ta Ƙofar Mazugal, in sauke wa masu fura da masu kunun aya na Madabo, sannan in miƙe Goron Dutse. Can ne cinikin yake, can ne kuma wahalar take, domin gidajen suna hawa gindin dutsen ne, kai kuma kana hawa da su. A ƙarshen hawan gidan Hajiya Yagana yake. Dattijuwa ce, asalin iyayenta mutanen Barno ne, amma a nan aka haife ta. Zoɓo da kunun aya take yi da yawa, mata suna sari a wajenta suna kaiwa makarantu da bakin asibiti. Ita kaɗai tana ɗauke fiye da rabin kayana, kuma maƙwabtanta duk ita suke bi. Wanda Hajiya ta yarda da shi, unguwar ta yarda da shi. Baba Haladu da zai bar sana'a, da kansa ya kai ni soronta ya ce, "Hajiya, ga Sabo, amana." Wannan hawan shi ke ciyar da gidana.

Shekarar da nake ba ku labari na doshi hamsin. Bazara ta shigo da zafinta, azumi kuma yana tafe, lokacin da mai ƙanƙara yake samun na shekara. Wata safiya ina tsakiyar hawan da na yi shekara da shekaru ina yinsa ba tare da na sauke ƙafa ba, sai na ji numfashina ya ƙi kaiwa ƙasa. Zuciya tana bugawa har a kunnena, cinyoyi sun yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Na sauka na tura. Na ce ƙila ban yi barci sosai ba ne. Washegari haka, jibi haka. Abin da ya rikita ni shi ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiyata ƙalau, a gida ma ba inda yake yi mini ciwo, ina cin tuwona ina zuwa masallaci. Sai na hau tudu da kaya abin yake zuwa.

Mai keke ba ya fara zargin kansa, keke yake zargi. Na kai shi wajen Tanko mai gyara a bakin Ƙofar Mazugal. Muka sauya sarƙa, muka zuba sabon boris, muka cika giris. Bayan kwana kaɗan na koma na ce birki ne yake kama taya. Tanko ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta, ta yi ta juyawa har muka gaji da kallo.

"Sabo, keken nan ya fi ni lafiya," in ji shi. "Injin ne ya yi sanyi."

"Wane inji kuma a jikin keke?"

"Wanda yake zama a kan sirdi mana."

Na ce masa tsohon banza, shi da ko tsallaka kwata ba ya iya yi sai ya dafa bango. Muka yi dariya, amma maganar ta zauna mini.

Abokan sana'a da na yi wa ƙorafi bakinsu ya zo ɗaya. Mataccen jini ne ya taru, ga zafi, ga shekaru, a je a yi ƙaho jiki zai saki. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi duk bazara, ni ma na sha yi ina jin daɗinsa. Na je wajen Ilu wanzami, ya kafa mini ƙaho a gadon baya da bayan cinyoyi, ya nuna mini abin da ya fito baƙi ƙirin. Na tashi ina jin kamar an sauke mini kaya. Kwana biyu bayan nan, inda na saba sauka in tura ban ma kai wajen ba na sauka. Sai na ce ashe bai gama fita ba, na koma aka sake. Ban ga laifin Ilu ba, abin da na nema ya yi mini, kuma ban gaya masa cewa na daɗe ina fama da basir mai zubar da jini ba. Wa yake zama gaban mutum ya faɗi wannan? Jiƙo nake saya in sha in yi shiru. Garin neman gira na kusa rasa ido.

A cikin kwanakin nan wata ɗabi'a ta same ni da ban san ta ba. Ni da na yi shekaru ina dakon ƙanƙara ban damu da ita ba, sai na wayi gari ina kwaɗayinta. Ba ruwan sanyi ba, ita kanta, in tauna in ji tana ƙara a haƙorina. Idan ana lodi sai in tsince ɓaraguzan da suka zube in cika leda in rataya a kan keke, ina tafe ina gurgura.

To ku haɗa lissafin da Hajiya Yagana ta haɗa. Mutumin da yake iso mata kafin rana ta yi zafi, yanzu sai hantsi ya dubi ludayi. Bulo yana zuwa ba kusurwa, ya rame. Ga shi kuma kullum bakinsa cike da ƙanƙara. Wata safiya na sauke kaya a soro, sai ta fito da kanta maimakon ta aiko, ta zauna a kan kujerarta ta 'yar tsugunne ta daɗe tana duban bulon.

"Malam Sabo, tambayarka zan yi, kada ka ji haushi."

"Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, yi tambayarki."

"Ka samu wasu masu sayen ne a hanya, kake gutsura musu daga nawa?"

Maganar ta soke ni. Tun da nake ba a taɓa yi mini irin wannan tambayar ba. Na ce, "Wallahi Hajiya ban taɓa sa tsinke a kayanki ba. Hawan ne yake gagarata. Turowa nake yi, in tura in huta, rana kuma ba ta jira."

"Wannan da kake taunawa fa?"

Na nuna mata ledar, na ce tsintuwa ce daga wajen lodi, kuma ni kaina ban san abin da ya haɗa ni da ita ba, in ban tauna ba ne ba na jin daidai. Sai na ga fuskarta ta sauya. Ta ce tun yaushe, na faɗa mata. Ta ce in buɗe tafin hannuna. Na buɗe, ta ce wannan ba shaida ba ce, hannun mai ƙanƙara kullum fari ne. Ta ce in ja fatar idona ta ƙasa in matso wajen haske. Na ja, ina jin kunya kamar yaron da aka kama da rashin wanka.

"La'ilaha illallahu. Malam Sabo, ai ba ka da jini."

"Hajiya, jini kuwa har ya yi mini yawa, sau biyu ana cirewa."

"Cirewa? Ƙaho ka yi?" Ta tafa hannu. "Kai da ake nema a ƙara maka, ka je kana kyauta da shi! Da ina da cikin autana haka na dinga cin ƙanƙara da farar ƙasa kamar tuwo, in hau matakala biyu in zauna ina haki. Da na je awo, ido suka fara ja mini."

Na ce ai shi ke nan, wannan ciwon masu ciki ne, ni kuwa ko watan farko ban shiga ba. Ta yi dariya har da riƙe haɓa, sannan ta ɗaure fuska ta ce zato zunubi ne, in yafe mata, amma gobe idan ban je asibiti ba kada in kawo mata kaya.

Na je. Aka ɗebi jini a ɗan yatsa da hannu, na zauna a benci cikin mata masu goyo ina sunkuyar da kai kada wani ya gane ni. Likitan da ya gan ni matashi ne, ya yi mini tambayoyi har da wadda nake gudu, na kuwa amsa. Ya ce jinina ya yi ƙasa, amma kaɗan ne, ba wanda za a kwantar da ni ko a yi mini ƙari ba. Na ce in kaɗan ne, me ya sa ya kayar da ni haka? Ya tambayi sana'ata, na faɗa masa. Ya ce jini shi ne yake dakon iskar da na shaƙa yana kai wa naman jiki. Mutumin da yake zaune a shago, in nasa ya ragu haka, ƙila ya shekara bai sani ba. Wanda yake hawa tudu da kaya kuwa yana buƙatar kowane ɗigo, ga shi shekaru sun fara ja, zuciya ba ta da rarar da take da ita a da. Ya ce shi ba ya faɗa da ƙaho, amma tulun da yake yoyo ba a ƙara ɗibar ruwa a cikinsa. Ya sa aka duba ni don a tabbata basir ɗin ne kaɗai yake zubar da jinin, aka ba ni maganinsa. Ya rubuta mini wasu jajayen ƙwayoyi, ya ce za su mayar da bayan gida baƙi, kada in tsorata. In ci hanta idan na samu, da wake da zogale da alayyafo, in kuma daina kora abinci da baƙin shayi nan take, in bari a ɗan jima.

Na ce, "Likita, zuwa yaushe? Azumi saura kwana kaɗan."

Ya ce, "Baba, jini ba famfo ake yi masa ba. Za ka fara jin sauƙi a 'yan makonni, amma kafin ka koma yadda kake sai an yi watanni."

Ban ji maganarsa duka ba. Azumi ya kama, na ce zan gwada. Ƙanƙarar azumi da rana ake kai ta, don ta kai shan ruwa da ƙarfinta, wato lokacin da kwalta take narkewa. Na yi kwanaki ina lallaɓawa. Rana ta huɗu ko ta biyar na tsaya a gindin hawan, na tura kaɗan, sai na ga gari yana juyawa. Na zauna a gindin wata katanga har aka kira la'asar ina jin ruwa yana ɗiga daga buhu yana bin ƙasa. Da na isa, abin da ya rage bai kai rabi ba. Matan da suke sari suna tsaitsaye a ƙofar gida da robobinsu, wasu sun riga sun tafi. Zoɓon Hajiya na ranar da ɗumi aka sayar da wanda aka sayar, sauran ta rabar sadaka.

Ni na riga ta magana. Na ce, "Hajiya, ki nemi wani. Ba zan kashe miki sana'a a watan nan ba." Ta ce in je in yi jinya, wurina yana nan. Ni da kaina na haɗa ta da wani mai babur da nake gani a wajen lodi, na nuna masa yadda zai kare kayan daga salansa. Na riƙe 'yan gidajen Madabo da ba su da tudu, da su muka ci abinci a shekarar, ba da daɗi ba.

Abin da nake so ku riƙe, ku da wata rana za ku kai shekaruna ko a kan keke ko a ƙarƙashin buhu, shi ne wannan ciwon ba ya kayar da mutum a gado balle a zo dubiya. A wajen aiki kawai yake cin mutum, kaɗan-kaɗan, har a fara ce masa malalaci ko maha'inci. Duk ranar da tudun da kuka saba ya ƙara muku tsayi, ku je a duba jininku kafin ku sauya sarƙa. Da na je tun makon farko, da azumi ya same ni da ƙarfina.

Na sha ƙwayoyin nan har na gaji da ganinsu. Kwaɗayin ƙanƙara shi ya fara tafiya, wata rana kawai na ga ɓaraguzai a ƙasa ban ji komai ba. Damina ta sauka, kasuwarmu ta yi sanyi kamar yadda ta saba, na yi amfani da lokacin ina gwada ƙafata a ƙananan tudu, yau da bulo biyu, wani makon da uku. Hajiya takan kira ni a waya ta tambayi jiki, ta ce ina dai cin zogalen, in ce ina ci har na fara toho. Aka sake auna jinin, likita ya ce ya cika.

Da ruwa ya ɗauke, zafin bayan damina ya taso, na ce lokaci ya yi. Ban gaya mata zan zo ba, so nake kawai ta ji sallamata. Na yi lodin bulo shida, ko Madabo ban tsaya ba, na miƙe Goron Dutse. Na shiga hawan ina jiran inda numfashi zai yanke, bai yanke ba. Na wuce katangar da na zauna a gindinta, na wuce kwanar masallaci, ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba sai a ƙofar gidan Hajiya. Na yi farin ciki irin wanda na manta da shi, har ƙararrawa na kaɗa kamar yaro.

Ina jingine keke na ɗaga kai, sai na ga farantai baƙaƙe na sola jere a kan rufin. Daga cikin gida kuma ana jin gurnanin firiza. Wata maƙwabciya ta fito daga soron da ƙanƙara a bokiti, ta gaishe ni ta wuce.

Hajiya ta fito, ta ga kayan a kan keke, ta gan ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam Sabo, ka warke."

"Na warke, Hajiya. Yau ban sauka ba."

"Alhamdu lillahi." Ta gyara mayafi. "Mai babur ɗin nan ya wahalar da ni, yau ya zo gobe ya ce ba mai. Bayan Sallah Bukar, babban ɗana, ya turo mutane suka kafa wannan. Yanzu har maƙwabta a nan suke saya. Duk kiran da na yi maka, da niyyar in faɗa maka nake yi, sai in rasa bakin."

Na ce Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Da gaske na faɗa, amma abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Ta ce in dakata, ta shiga ciki ta fito da kofin silba cike da ruwa, ƙanƙara tana yawo a kai, ta miƙo mini da hannu biyu. Na tsuguna na sha. Ƙanƙara ce mai kyau, ta daskare har ciki, ban sami abin kushewa ba. Na miƙa mata kofin na yi godiya, na juya kan keke da bulo shida a bayana waɗanda ba su da mai su, ga rana ta fara ɗagawa.